Gaisuwar Kumandan ga Firezidan

Idan ana lissafin manyan mutanen da Allah ya albarkaci kan iyakar Jibiya da su, wajibi ne a fara da Alhaji Zunnuraini, don ko ba a fara da shi ba, shi zai fara da kansa. Shi ne shugaban ƙungiyar masu sito na Magama, wato masu ɗakunan ajiyar da kaya ke kwana kafin su ƙetara Nijar ko su shigo Najeriya. 'Yan ƙungiyar ba su da yawa, tabarma biyu ta ishe su taro har a sami wurin ajiye takalma. Amma ba ya son a ce da shi Ciyaman, wai wannan suna ne na mai ƙasa ɗaya. Shi da ke tsaye tsakanin ƙasashe biyu, Firezidan ake ce masa, kamar yadda ake faɗi a Maraɗi.

Wajen ilimi kuwa ba a magana. Yana da 'yan kalmomin Faransanci, yana da 'yan kalmomin Turanci, kuma saboda tsabar adalci ba ya kai kowanne inda za a gane shi. Jandarmomin Nijar yake yi wa Turanci, ma'aikatan kwastan na gida kuma ya zuba musu Faransanci. Kowa sai ya gyaɗa kai ya ba shi hanya don ya huta, shi kuma ya dawo majalisa ya ce ya kashe wata wuta da ta so tashi tsakanin ƙasashen biyu. In mota ta wuce shinge, shi ya sa baki. In ba ta wuce ba, shi ya ce a tsare ta. Ranar da aka rufe iyaka ya ce an tuntuɓe shi, ranar da aka buɗe ya ce sai da ya nuna ɓacin ransa tukuna. 'Yan dako suna kiransa Mabuɗin Iyaka a gabansa. In ya ba da baya sai su ce Kwaɗon Iyaka, kuma har yau ba a tantance ba ko kwaɗon ƙofa suke nufi ko na tafki.

Yana da wata babbar riga ta shadda, ruwan ƙasa-ƙasa mai sirkin toka. Wani tela a Maraɗi ya taɓa gaya masa wannan ne launin manya, don haka ya sa aka ɗinka masa irinta da yawa, ya daina sa kowane launi. In yana tafiya yakan ɗaga hannuwan rigar ya ɗora a kafaɗa, ya bar su su zamo, ya sake warewa ya ɗora, yadda ko daga nesa ka hango shi ka san wani abu mai muhimmanci ne ke tahowa.

A shekarar da manyan motoci suka yi dogon layi a bakin shinge, wani direba da ya taso daga can arewa ya sauke kaya a siton Alhaji, ya ce zai je ya dawo. Bai dawo ba. Da aka ji wani kwando yana motsi a tsakanin buhunan dabino aka buɗe, sai ga ɗan jimina, girmansa bai wuce na talo-talo ba, ya galabaita da ƙishirwa. Da alama direban ya so ya shigo da shi a ɓoye ya sayar, ya ga ana tsananta bincike, ya tsorata ya yar.

Alhaji ya sunkuya ya dubi tsuntsun, ya miƙe ya dubi jama'a.

Ya ce, "Wannan baƙo ya baro ƙasarsa ya zo neman mafaka. Sito nawa ne a garin nan? Amma ku dubi ƙofar da ya zaɓa. Na ba shi mafaka."

Nan take ya raɗa masa suna Kumandan.

Mafakar da Firezidan ya bayar, a kan matarsa Hajiya Safara'u ta sauka. Ita ce mai dama dusa, mai yanka ganyen rama da zogale, mai tara ɓawon kankana. Ƙanenta Maharazu, wanda shi ne direban Alhaji, shi ya kafa danga a bayan gida, shi ke sharewa. Aikin da ya rage wa Alhaji shi ne mafi nauyi: kullum da safe ya fito cikin babbar riga ya tsaya a bakin danga ya yi wa tsuntsun nasiha a kan riƙon amana da sanin girman na gaba.

Kumandan ya ci ya girma. Ya wuce tunkiya, ya wuce Maharazu, ya wuce ƙofar ɗaki, har ya zama in ya miƙa wuya yana leƙen abin da maƙwabta ke dafawa. Kuma ba dusa kaɗai yake ci ba. Ya haɗiye cokulan shayi, ya haɗiye ɗan kunnen Hajiya, ya haɗiye makullin babur ɗin wani baƙo da ya zo gaisuwa, har baƙon ya tura babur ɗinsa zuwa gida. Alhaji ya ce wannan alama ce ta tsuntsu mai son ajiya, ya gaji ubangidansa.

Sai da ya shekara biyu da wani abu kafin abin ya fara. Gashinsa ya yi baƙi wuluk, bakin fukafukansa fari tas, wuyansa da ƙafafunsa suka yi jawur kamar an shafa musu manja. Wata safiya Alhaji ya fito yin nasiha, ya ware hannuwan riga zai ɗora a kafaɗa. Sai Kumandan ya zube a kan gwiwoyinsa. Ya buɗe fukafukai ya shiga kaɗa su, na dama ya sauka na hagu ya tashi, yana jefa dogon wuyansa baya yana buga kai a haƙarƙarinsa, yana wani gurnani mai kauri daga cikin maƙoshi. Ya daɗe a haka. Alhaji ya tsaya baki buɗe, har ƙwalla ta taru masa.

Ya ce, "Safara'u, zo ki ga abin da mutanen garin nan suka kasa yi shekara da shekaru."

Daga ranar gidan ya zama wurin kallo. Duk ranar kasuwa mutane ke biyowa daga Riko da Mazanya da Gangara, har da direbobin da ke jiran takardunsu a bakin shinge. Alhaji yakan bari a taru sosai, sa'an nan ya fito a hankali ya ware riga, Kumandan ya zube. Abin da ya ƙara wa lamarin armashi, tsuntsun ba ya yi wa kowa sai shi. Wani kansila ya zo da farar riga ya tsaya har ƙafarsa ta yi sanyi, Kumandan ya ci gaba da tsince tsakuwa. Wani attajiri daga Maraɗi ya gwada cikin shuɗiya, abin da ya samu shi ne an cire masa hula.

Alhaji yakan ce, "Jama'a, dabba ba ta san siyasa ba. Ba ta da jam'iyya, ba a ba ta goro. Abin da ta gani a jikin mutum shi take girmamawa. Ni ban roƙe shi ba. Ku dubi wuyansa yadda ya yi ja. Kunyata yake ji."

Sai dai ladabin Kumandan bai wuce kan mutum ɗaya ba. Duk wanda ya matso kusa da Alhaji ya zama abokin gaba. Ya kai wa Maharazu shuri, Allah ya sa ƙofar langa-langa ce ta tare, ta lotse kamar gwangwanin madara. Ya kori mai shayi da ya zo miƙa wa Alhaji kofi har bakin titi. Alhaji ya ce ai ko shugabannin ƙasa da masu tsaronsu suke yawo.

Ranar da abin ya kai maƙura ita ce ranar da Hajiya Safara'u ta kawo wa mijinta kunu a bakin danga. Kumandan ya banke dangar ya biyo ta. Ta watsar da kwano ta faɗa ɗakin girki ta ja ƙofa, shi kuma ya tsaya a waje yana sintiri har la'asar. Da ta fito ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Alhaji, ni na raini wanga tsuntsu da hannuna, ban ƙi shi ba. Amma yau da ƙafata ta sarƙe da sai dai wani labarin. Jikokinka sun daina zuwa gidan nan. Shi kansa dubi ƙafarshi ta kumbura, wurin ya yi mashi kaɗan. Ko a nema mashi inda zai zauna, ko ni in koma Gangara wurin 'yan'uwana."

Alhaji ya shiga tunani. Ya ɗan daɗe fiye da yadda ya kamata, abin da Hajiya ta lura da shi kuma ta ajiye a ranta.

Maharazu bai jira ƙarshen tunanin ba. Ya je ya sami ma'aikatan gandun daji ya gaya musu, su kuma suka sanar da tsohon gidan zu na birni, inda ake ajiye namun daji. Ba a jima ba sai ga wata likitar dabbobi, Dakta Mutmainna, ta iso da mota mai ɗauke da akwatin magani. Tana ganin Kumandan ta manta da gajiyar hanya. Ta ce irin jiminar nan mai jan wuya a da tana yawo garke-garke a dajin da ke tsakanin nan da Sahara, amma farauta da kwasar ƙwai sun kusa ƙarar da ita. Ta ce suna da mata biyu a gidan zu, suna ta saka ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa don babu namiji, kuma burinsu su samu 'ya'ya su raina, wata rana a mayar da su daji inda ake tsaro.

Alhaji bai ji rabin bayanin ba, don yana jiran ta gama ya nuna mata abin mamaki. Ya ware riga. Kumandan ya zube, kumburarriyar ƙafa da komai.

Dakta ta kalli tsuntsun, ta kalli rigar, ta cije leɓe.

Ta ce, "Alhaji, akwai abin da ya kamata in gaya maka game da wannan durƙuson, amma gara mu ɗan keɓe."

Ya ce, "Na sani, 'yata. Kowa ya gani haka yake ruɗewa. Ba a koya muku wannan a jami'a ba."

"Ba haka ba ne, Alhaji. Shi namijin jimina, in ya tashi a hannun mutane…"

"A hannun mutum za ki ce. Mutane suna da yawa."

Ta haƙura. Ta wanke wa Kumandan ƙafa ta sa magani, sa'an nan ta ce, cikin ladabi, doka ma ba ta yarda a riƙe irin wannan tsuntsu a gida ba. Da Alhaji ya ji an ambaci doka, sai zuciyarsa ta cika da kyauta.

Ya ce, "Ba karɓa za ku yi ba. Ni zan bayar. Na daɗe ina tunanin halin da namun daji ke ciki a Afirka ta Yamma, har barci ba na yi sosai. Ki gaya wa manyanku Firezidan yana tafe da kansa."

Ranar tafiya aka ɗauko motar kanta ta ɗaukar kaya aka shimfiɗa mata yashi da ciyawa. Dakta ta ce sai an rufe wa tsuntsun kai da safa don ya natsu a hanya. Alhaji ya ce ba za a sa wa Kumandan safar kowa ba sai tasa, ya cire ta ƙafar dama ya miƙa, ya yi tafiyar da safa ɗaya. Motarsa ce a gaba, Maharazu na tuƙi. 'Yan ƙungiya suka cika wata bas tare da wani maroƙi da aka ɗauko da lasifikarsa ta hannu. Hajiya Safara'u ma ta shiga, ta ce tana so ta gani da idonta an sauke shi kuma ba a dawo da shi ba.

Gidan zu ɗin tsoho ne. Itatuwan maɗaci da tsamiya da ke cikinsa sun yi kaurin da mutum biyu ba sa rungume su, kuma yawancin iyayen da ke jan yara a ranar su ma a nan aka taɓa jan su suna ƙanana. Kafin a sauke Kumandan, Dakta ta zaga da baƙin. Alhaji ya shiga gaba, hannu a baya, kamar mai duba aikin da ya ba da kwangila.

Suka tarar da zaki yana barci a inuwa, ciki a sama, ƙudaje na yawo a hancinsa. Alhaji ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Zakin ya buɗe ido ɗaya ya mayar ya rufe.

Alhaji ya juyo ya ce, "Mu manya ba ma tashi wa juna. Mun gaisa."

Da aka zo wurin raƙumin dawa ya ji an ce akwai irinsa a Nijar, sai ya ɗaga kai ya yi masa barka da rana da Faransanci, ya ce a bar su su yi maganar gida. A gaban kejin kura kuma ya tsaya yana gaya wa wani ma'aikaci cewa a can ƙetare ba a kiran sunansa sai an fara da Mushe, wato yadda masu Faransanci ke girmama babban mutum. Ya maimaita kalmar da ƙarfi don na baya su ji. Kurar da ke kwance ta tashi ta matso bakin ƙarfe tana shinshina. Maharazu ya ja shi gaba.

Can ciki akwai wani sashe da ba a cika kai 'yan kallo ba, inda ake jinyar dabbobin da aka ƙwace a hannun masu fataucinsu. Akwai gauraki biyu da aka yanke wa fiffike ana jira ya tsiro. Akwai 'ya'yan birai da aka tsinto a bakin titi da igiya a ƙugu, ana ba su madara a kwalba. Akwai wani ƙaton kunkuru da aka huda wa ƙoƙon baya aka ɗaure shi shekaru a wani gida. Har ungulu akwai, guda uku, sun ci guba an ceto su. Dakta ta ce ungulu na ƙarewa, kuma in ta ƙare mushe zai riƙa ruɓewa a bayan gari yana yaɗa cuta. Hajiya Safara'u ta daɗe a gaban 'ya'yan biran, har ta tambaya ko ana sa musu sukari a madarar. 'Yan ƙungiya ma jikinsu ya yi sanyi, don ba ɗaya ba ba biyu ba sun sha ganin irin waɗannan kwanduna suna wucewa ta gabansu a Magama.

Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Duk shawarwarin da na daɗe ina bayarwa ne. Na ji daɗi da aka fara aiki da su."

Filin jiminu fili ne mai faɗi, yashi da 'yan itatuwan ƙaya, an raba shi biyu da waya, don sabon zuwa sai ya zauna shi kaɗai na ɗan lokaci kafin a haɗa shi da sauran. Alhaji ya sa ran zai tarar da gwamna, ko aƙalla kwamishina. Ya tarar da mataimakin shugaban gidan, da 'yan makaranta aji guda da malamansu, da masu yawon hutu da suka ga taro suka tsaya. Ya ce ba komai, manya sukan turo wakilai. Ya karɓi lasifika a hannun maroƙi.

"Jama'ar birni, assalamu alaikum, bonjur, gud aftanun. Yau na kawo muku abin da ba ku da shi. Kuna da zaki, kuna da kura, amma ba ku da tarbiyya. Wannan tsuntsu a gidana ya tashi, a bakina ya ji magana. Abin da za ku gani yanzu ba sihiri ba ne, ba horo ba ne. Kwarjini ne, kuma ba a sayar da shi a kasuwa. Yara, ku buɗe ido, ku koyi yadda ake gaida na gaba."

Aka sauke Kumandan a cikin fili, aka zare masa safa. Ya girgiza, ya dubi sararin da bai taɓa ganin irinsa ba. Alhaji ya matsa bakin waya ya ware hannuwan riga. Kumandan ya zube, fukafukai suka tashi, wuya ya shiga lilo. 'Yan makaranta suka yi tafi, wayoyi suka ɗagu sama, maroƙi ya karɓi lasifikarsa ya shiga kirari, yana cewa ga wanda tsuntsu ya sani kafin mutum ya sani. Alhaji ya lumshe ido.

Ana cikin haka sai matan jiminun nan biyu suka fito daga inuwa a ɗaya ɓangaren, sun ji gurnani. Suka taho a hankali har bakin wayar da ta raba filin. Ba baƙaƙe ba ne kamar Kumandan. Gashinsu ruwan ƙasa-ƙasa ne mai sirkin toka. Ɗayarsu ta saki fukafukanta ƙasa tana karkaɗa su, ta ɗaga, ta sake saki.

Kumandan ya tsaya cak. Ya dubi Alhaji. Ya dubi matan. Ya sake duban Alhaji, irin kallon wanda ya gano an daɗe ana ba shi canjin da ba daidai ba. Sai ya miƙe ya zuba da gudu, ƙura na tashi, ya isa bakin waccan wayar ya zube. Fukafukai dama da hagu, wuya baya, kai a haƙarƙari, gurnani. Komai daidai da wanda aka saba gani a Magama, sai dai wannan ya fi ƙarfi, kuma ya fi fitowa daga zuci.

Alhaji ya ce, "Hanya ce ta juya masa kai. Kumandan, ga ni nan ta wannan gefen."

Kumandan bai ko waiga ba. Idanun jama'a suka riƙa tafiya daga matan jiminun zuwa rigar Alhaji, daga rigar su koma kan matan. Maroƙi ya matsa kusa da Dakta ya tambaye ta a hankali me tsuntsun yake yi, ya manta lasifikar na kunne a hannunsa. Ita ma a hankali ta ba shi amsa, amma amsar ta fita har wurin zaki.

"Neman aure yake yi."

Wani dattijo daga cikin masu kallo ya ce, "To, na ɗazu fa?"

Dariyar ta fara ne daga 'yan ƙungiya, waɗanda suka yi wata da watanni suna tsayuwa a rana suna kallon gaisuwar. Malamai suka yi ta ƙoƙarin kora yara wajen birai, su kansu suna riƙe ciki. Hajiya Safara'u ba ta yi dariya ba, a lokacin dai. Ta matso kusa da mijinta ta ce, "Alhaji, tattara hannun rigar nan haka nan."

Ya tattara.

Kafin su kai Katsina hoton ya riga su isa Jibiya, ya ƙetara Maraɗi ba tare da takarda ba. Washegari 'yan dako suka yi wa Firezidan sabon suna, wanda ba sai an faɗa a nan ba, illa dai akwai kalmar amarya a ciki. Da wani mutum ne, da ya kwana biyu a ɗaka. Alhaji Zunnuraini kuwa da hantsi ya fito majalisa, cikin farar riga.

Ya ce, "Tun ranar farko na sani. Kuna tsammani mutum kamata bai san halin tsuntsu ba? Irinsu na ƙarewa a duniya. In ba a sami wanda zai tsaya masa ba, zuciyarsa mutuwa za ta yi, ya manta yadda ake yi. Na sadaukar da kaina. Likitar ma ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan dabara ba."

Wannan na ƙarshe gaskiya ne, ta faɗa.

Gida ya yi lafiya. Jikoki suka dawo, cokula suka daina ɓata, Hajiya ta shuka alayyafo da yakuwa inda dangar take, suka yi kyau ƙwarai saboda takin da aka bari. Rigunan ruwan ƙasa kuwa, Alhaji ya ce ya rabar da su duka. Wani abu guda ya canja a Magama wanda ba a yi shela a kansa ba: in kwando mai motsi ya shigo sito, 'yan ƙungiya sukan kira Maharazu, shi kuma ya kira Dakta. Firezidan ya ce umarninsa ne.

Bayan damina ta wuce, Dakta Mutmainna ta bugo wa Hajiya waya tana murna, ta ce an yi ƙyanƙyasa, kuma a miƙa godiyarta ga Alhaji, don ba don gidansu ba da tsuntsun ya mutu a kwando. Hajiya ta isar da saƙo. Alhaji ya ce to, ya ci gaba da shan kununsa.

Da sassafe ya ce wa Maharazu ya fito da mota, akwai aikin ƙungiya a Katsina. Da suka isa Katsina ya ce a wuce. Ba bas, ba maroƙi, ba wanda aka gaya wa. A bakin ƙofar gidan zu ya sa aka buɗe but ɗin mota, ya ciro wata leda daga ƙarƙashin tayar safaya. Maharazu ya ga launin abin da ke ciki, ya mayar da idonsa kan masu sayar da gyaɗa.

An cire wayar da ta raba filin. Kumandan yana tsakiya, ya ƙara cika, ƙafarsa ta warke sarai. A gindinsa ga 'yan jiminu masu zane-zane a wuya suna ta gudu suna faɗuwa, in rana ta dame su su shige ƙarƙashin fiffikensa. Matan na kiwo a gefe.

Alhaji ya tsaya a bakin waya, sanye da rigar ruwan ƙasa da ya ciro daga ledar. Ya duba dama, ya duba hagu, ya ga ba kowa kusa. Ya kira sunan a hankali. Ya ware hannun riga ya ɗora a kafaɗa, ya bar shi ya zamo. Ya sake. Kumandan ya taho, 'ya'yansa na biye, har ya zo dab da waya. Tsuntsun ya sunkuyar da dogon wuyansa, ya tsinci wata 'yar tsakuwa kusa da takalmin Firezidan, ya haɗiye, ya wuce.

A hanyar dawowa Mabuɗin Iyaka bai ce uffan ba. Ba Faransanci, ba Turanci. Sai da fitilun motocin da ke layi a Magama suka fara bayyana da magariba sa'an nan ya yi ajiyar zuciya.

Ya ce, "Maharazu, ko kallona bai yi ba."

Maharazu ya rage gudu ya kauce wa wani rami.

Ya ce, "Haƙuri za ka yi, Alhaji. Ya yi iyali."